Tanderu cikin mota: hunturun Turawa a gaɓar tekun Maroko

Dattawan Agadas da na Tawa da Damagaram ba su manta da waɗansu motoci ba da suka riƙa ɓullowa daga arewa cikin shekarun 1970 da 1980, duk lokacin da ɗari ya kama. Sukan taso daga Tamanrasat, su ratsa In Gezam da Asamaka da Arlit, su iso fari fat da ƙura, jarkokin ruwa da na mai a ɗaure bisa kai. Cikin waɗansunsu akwai gado, akwai ɗan teburi, akwai rasho na gaz, wani sa'i har da ɗan tanderu na ƙarfe inda uwargida ke gasa burodi. Faransawa na ce ma irin wannan mota kampin-kar, watau mota mai ɗaki. Tawayen da ya tashi a arewacin Nijar a 1990, da yaƙin basasar Aljeriya daga 1992, su suka fara tsinke wannan hanya. Sace Turawa 32 da aka yi a kudancin Aljeriya a 2003, da wanda aka yi a Arlit a 2010, suka ida rufe ta. To amma motocin ba su ƙare ba, alƙibla kurum suka sake. Mai son ganinsu yau sai ya nufi gaɓar tekun Atlantika ta ƙasar Maroko, wajajen birnin Agadir.

Da zarar watan Nuwamba ya kama, sanyi ya fara cizo a Turai, sai tsofaffin ma'aikata da suka aje aiki su rufe gidajensu a Faransa da Jamus da Holan da Ingila, su kamo hanyar kudu. Mafi yawansu kan shiga jirgin ruwa a Aljesiras ta ƙasar Ispaniya, su sauka a tashar Tanja. Kafin mota ta shiga cikin jirgi, doka ce a rufe tukunyar gaz ƙam. Daga Tanja zuwa Agadir tafiyar kilomita 800 ce ko kusa da haka, duk bisa kwalta. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waɗannan mutane sun ƙi yarda gida ya bar su, sai suka saɓo shi kamar kunkuru.

Ƙasar da suke sauka sunanta Sus. Ƙasa ce ta jan dutse da itacen argan, mai ƙaya kamar aduwa, wanda ake matse mai daga ƙwallonsa. Mutanenta na magana da Tashelhit, harshen da ke da dangantaka da Tamashek na Abzinawa. Arewa da Agadir akwai ƙauyen masunta na Tagazut. Kudu da shi, kilomita 90, akwai Tiznit mai ganuwar jar ƙasa da maƙeran azurfa. Gaba kuma sai Mirleft da Sidi Ifni, garin da ya zauna hannun Ispaniya har zuwa 1969. A duk waɗannan wurare an keɓe filaye da ake kira kampin, inda motocin ke jeruwa farare tas, ɗaruruwa, kowace da kujerunta biyu a bakin ƙofa.

Wanda aka yi ma iso cikin irin wannan mota zai tarar madafin duka bai wuce tsawon tabarmar salla ba. Ga rasho mai baki biyu ko uku, ga ɗan wurin wanke kwanoni, ga firigo, sannan can ƙasa, daidai gwiwa, ga tanderun. Akwati ne na ƙarfe mai ƙofar gilashi, cikinsa lita 20 zuwa 30 da ɗoriya, watau kamar rabin na gida ko ƙasa da haka. Kaza guda ta cika shi. Ingilishi ba su cika sayen mota marar tanderu ba, don sun saba da gasasshen naman ran Lahadi. Faransawa da Jamusawa kuwa da yawa kan haƙura da shi don su samu wurin ajiyar tukwane.

Tanderun mota na da halinsa, kuma duk wadda ta taso da na gida sai ta sake koyo. Ba a murɗa makunni a saki. Sai an danne shi na ɗan lokaci bayan wuta ta kama, har wani siririn ƙarfe da ke cikin harshen wutar ya yi zafi. Wannan ƙarfe shi ne mai gadi: in iska ta kashe wuta, da ya huce sai ya datse gaz. Sannan wutar na kusa ƙwarai da abin da ake gasawa, don haka gindin burodi kan ƙone alhali samansa na nan ɗanye. Maganin da matafiya suka samo shi ne su shimfiɗa karo na yumɓu marar fenti ko faifan dutse a ƙarƙashin faranti, ya sha zafin ya raba shi daidai, ba tare da ya toshe ramukan da iska ke bi ba. A tsakiyar gashi kuma sai an juya faranti, na baya ya dawo gaba. Lambobin da ke bisa makunni ba abin dogaro ba ne, shi ya sa da yawa ke rataya ɗan ma'aunin zafi a ciki. Akwai kuma abin da baƙon wannan rayuwa ba ya tunawa sai ya sha kunya: in mota ta tsaya a karkace, gato ma a karkace zai fito, gefe guda kauri, gefe guda kamar takarda. Saboda haka aikin farko na maigida da an iso masauki shi ne ya cusa guntayen katako ƙarƙashin tayu har mota ta daidaita.

Waɗanda ba su da tanderu ba su zauna haka nan ba. Akwai wata tukunya da aka ƙera a ƙasar Suwidin, sunanta Omnia, mai rami a tsakiya kamar gammo. Ana aza ta bisa rasho, zafi ya bi ta ramin ya bugi murfi ya sauko bisa abinci, sai ga gashi sama da ƙasa. Masu tanderun kuran kuwa nasu ciwon kai daban ne. Wutar da kampin ke ba kowace mota sau da yawa ba ta wuce ampiya 6 zuwa 10 ba. In ampiya 6 ce, abin da za ta ɗauka bai kai wat 1400 ba. Da an kunna tanderu tare da butar shayi sai wuta ta ɗauke, maigida ya fita da fitila yana neman akwatin da ta yanke.

Amma babbar maganar da ke bakin kowa a kampin ita ce gaz. Tukunyar kilo 13 da aka taso da ita daga Faransa ba a musanya ta a Maroko, don kamfanonin ba ɗaya ba ne. In ta ƙare, sai mutum ya sayi ta ƙasar, mai kilo 12, wadda ake samu a kusan kowane ɗan kanti. Gwamnati na tallafa ma kuɗinta: ta daɗe tana dirhami 40, sai a watan Mayu na 2024 aka kai ta 50, kimanin jika 3 ke nan na sefa. Sai dai wannan gaz butan ne, kuma butan na da iyaka. In sanyi ya kai digiri sifiri ba ya tashi daga cikin tukunya, alhali ɗan uwansa propan na tashi har a digiri 40 ƙasa da sifiri. A bakin teku ba a jin bambancin. Ana jin shi ne a watan Fabrairu, lokacin da motoci ke hawa duwatsu zuwa Tafrawut don kallon furen itatuwan amanda. Garin na bisa tudu mai kimanin mita dubu, dare na da sanyi ƙwarai, kuma da asuba mutum kan murɗa makunni ya ga wuta ta yi laushi kamar ta aci-bal-bal.

A irin wannan dare ne tanderu ke iya zama ajali. Mai jin sanyi kan ji kamar ya buɗe ƙofar tanderu ya bar shi yana ci don ɗumama ɗaki, ya kuma toshe kafofin iska da tsumma. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fid da wata iskar guba, monoksid na karbon, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, kuma a ɗaki ƙarami kamar na mota ba ta ɗaukar lokaci. Haɗarin ɗaya ne da na kaskon gawayi da ake kwana da shi cikin rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Don haka masu hankali ke riƙe da ƙa'idodi kaɗan. Harshen wuta ya zama shuɗi. In ya koma rawaya, akwai matsala. A buɗe tagar rufi duk lokacin da ake gashi, domin ban da guba, kowane kilo na butan da ya ƙone yana barin fiye da lita ɗaya da rabi ta ruwa cikin iska, ya jiƙe tagogi da katifa. Kada a toshe ramin da ke ƙasan akwatin tukunyar gaz, don gaz ya fi iska nauyi, in ya zuba ta nan yake fita. A duba tiyo, a rataya na'urar da ke kuka in ta ji guba, kuma kada a kunna tanderu mota na tafiya.

Duk wannan ɗawainiya kuwa ana yin ta ne a ƙasar da ta fi kusan kowace gwanintar gashi. Cikin tsofaffin unguwannin biranen Maroko akwai tanderun unguwa da ake kira farran. Da hantsi za a ga yara ɗauke da allunan katako bisa kai, an jera kwaɓin burodi an rufe da ƙyalle. Mai farran na tsaye cikin rami gaban wutar itace da doguwar cebur ta katako, ya san allon kowane gida da ƙyallensa, ba ya haɗa na wani da na wani. Ladansa ɗan kuɗi ne kaɗan. A ƙauyukan Sus kuma mata na gasa tafarnut cikin tanderun laka, bisa tsakuwa mai zafi, a ci da man argan da zuma da amlu, wani kwaɓi na amanda mai kama da tunkuza. Wanda ya taɓa ganin Abzinawa na binne tagella cikin rairayi da toka mai zafi a hanyar Agadas, ko matan da ke manna gurasa ga cikin tanderu, zai gane cewa dabarar duk guda ce. Farran ɗin ma na raguwa, domin gidajen Marokawa da yawa sun sayi nasu tanderun gaz.

A nan ne matafiyan suka rabu gida biyu. Akwai wanda zai yi wata uku a Sus, garin alkamarsa da man shanunsa duk daga babban kanti, ya gasa ya ci cikin motarsa, maƙwabcinsa na dama da na hagu duk ƴan garinsu ne. Ranar da ya koma, abin da ya sani na Maroko bai wuce rana da farashin gaz ba. Akwai kuma wadda ranar da tukunyarta ta ƙare, ko kazarta ta fi ƙarfin akwati, za ta rufe faranti da ƙyalle ta bi bayan yara har bakin farran. Can za ta jira tare da matan unguwa, a yi dariyar Larabcinta, a gutsura mata burodi mai zafi, a tambaye ta ƴaƴa nawa gare ta da dalilin da ya sa suka bar ta tana yawo cikin mota da tsufanta. Gobe in ta wuce, mai farran zai ɗaga mata hannu.

Ba laifin tanderun mota ba ne. A dajin da babu kanti babu ƙauye, ko ga tsohon da likita ya hana ma gishiri da mai, wannan ɗan akwati rufin asiri ne babba. Amma Turawan da suka ratsa Agadas a da, abin da ya sa har yau ake tunawa da su shi ne hanya ta tilasta musu sauka: su nemi ruwa, su nemi jagora, su zauna bakin wutar wani. Mota mai ɗaki ta yau ta wadatu da komi, har ta kusa raba mai ita da bukatar mutane. Zumunta kuwa, in ji Hausawa, a ƙafa take, kuma daga ƙofar kampin zuwa bakin farran tafiyar ƙafa ce.