Shekarar da Zongon Lome Ya Ce "Mu"

A asalin Hausa, zango wuri ne da ayari ke yada kaya ya kwana kafin ya ci gaba da tafiya. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro sun bar zanguna a duk inda suka ratsa, kuma a bakin mutanen kudu kalmar ta koma "zongo". Bayan Jamusawa sun mai da Lome babban birnin Togo a 1897, Hausawa da sauran Musulmin arewa suka yawaita a garin, unguwarsu ta ci wannan suna. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar birni, aka kwashe mutanensa zuwa wani fili can arewacin gari. Wanda ya ga an tashi unguwar da aka binne cibiyarsa ba ya bukatar malami ya fassara masa karin maganar nan da ke cewa baƙo raɓa ne.

Akwai wani dattijo, dillalin shanu, da ya ga wannan tashi yana saurayi. Kakansa Bakatsine ne, shi kuwa bai taɓa taka Katsina ba. A Lome aka haife shi, a nan ya yi aure, yana cin kasuwa da harshen Mina kamar 'yan gari. Duk da haka, in zancen ƙwallon ƙafa ya taso, yana da ƙa'idar da ba ya karyawa. In 'yan wasan Najeriya ne, sai ya ce "mun ci". In na Togo ne, waɗanda ake wa laƙabi da Éperviers, wato shahuna, sai ya ce "sun ci". Ɗansa, wanda aka haifa a sabon Zongo ya kuma yi makarantar Faransanci, ya kan ce masa, "Baba, ai ƙasarmu ce." Dattijon ya kan amsa da cewa ƙasar da ta taɓa ɗaga masa tabarma, sai ya ga abin da ya ture wa buzu naɗi kafin ya kira ta tasa.

Haka aka shiga wasannin neman gurbin Gasar Cin Kofin Duniya ta 2006. Babu wanda ya sa Togo a lissafi. A zagayen share fage ma sai da Equatorial Guinea ta doke ta da ci ɗaya da nema kafin ta rama da biyu a Lome. Rukuninta ya ƙunshi Senegal, wadda ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a 2002 bayan ta kunyata Faransa, ga Mali da Zambiya da Kongo da Laberiya, kuma ƙasa ɗaya tak za ta fita. Mai horar da 'yan wasan shi ne Stephen Keshi, tsohon kyaftin ɗin Najeriya da ya ɗaga Kofin Afirka a 1994. Wasan farko na rukuni ya tafi hannun Zambiya, ɗaya da nema. Amma a watan Yunin 2004, a filin wasa na Kégué da ke Lome, Togo ta lallasa Senegal da ci uku da ɗaya.

A nan ne harshen dattijon ya fara motsi. Bai ce "mun ci" ba, bai kuma ce "sun ci" ba. Cewa ya yi, "An ci Senegal." Ɗalibin Hausa ya san wannan wakilin suna da ba ya bayyana mai aiki: an zo, ana zuwa, za a zo. Da shi ake sakaya magana, da shi ake girmama babba, da shi kuma mutum kan ɓoye abin da zuciyarsa ba ta gama yankewa ba. Dattijon ya zauna a inuwar wannan "an" fiye da shekara guda. Yana da hujjarsa: mai horarwa ɗan Najeriya ne, shi kuma Emmanuel Adebayor, dogon yaron da ke zura ƙwallaye, haihuwar Lome ne amma iyayensa Yarabawa ne. Ashe akwai wasu masu tushe a wani wuri da ke sanye da rigar ƙasar ba tare da jin nauyi ba.

Shekarar 2005 ta zo da nata nauyin. Ranar 5 ga Fabrairu Shugaba Gnassingbé Eyadéma ya rasu bayan shekara 38 a kan mulki, sojoji suka ɗora ɗansa Faure. Zaɓen 24 ga Afrilu ya haifar da tarzoma wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta ta ci rayuka 400 zuwa 500, dubban mutane kuma suka tsere Benin da Ghana. A irin wannan lokaci mutumin zongo kan kama bakinsa, domin ya san in rigima ta tashi ba a rasa mai tambayarsa daga ina ya zo. Cikin wannan hali ƙungiyar ta ci gaba da tafiyarta. A watan Maris ta doke Mali biyu da ɗaya a Bamako, har 'yan kallo suka tada hargitsi. A Yuni ta casa Zambiya huɗu da ɗaya, sannan ta je Dakar ta yi kunnen doki, biyu da biyu. Mutanen da siyasa ta raba sun sami abu ɗaya da za su iya tafa masa tare.

Ranar 8 ga Oktoban 2005, cikin kwanakin farko na azumin Ramalana, aka buga wasan ƙarshe da Kongo a Brazzaville. Sau biyu Kongo tana shiga gaba, sau biyu ana farkewa. Adebayor ya ci ɗaya, Mohamed Kader, ɗan Sokodé, birnin Musulmin tsakiyar Togo, ya ci biyu. Aka tashi uku da biyu. Togo ta gama da maki 23 daga wasa 10, Senegal tana biye da 21. A wannan rana ce kuma Najeriya ta rasa gurbinta a hannun Angola. Dattijon ya ji labaran biyu kusan lokaci guda. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya dubi ɗansa ya ce, "To, mun tafi Jamus."

Hausa ba ta da "mu" biyu, ɗaya mai haɗawa da wanda ake magana da shi, ɗaya mai ware shi, kamar yadda Fulfulde ke da su. Kalma guda ce, mai magana ne ke yanke faɗinta. Tana iya tsayawa a ƙofar gida, tana iya ɗaukar unguwa, tana iya rungumar ƙasa. Saboda haka wanda ke koyon harshen ya kamata ya riƙa sauraron inda kowace "mu" ta tsaya, domin a nan mutum ke bayyana matsayinsa ba tare da ya yi jawabi ba.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. A Gasar Kofin Afirka da aka yi a Masar a farkon 2006 Togo ta sha kashi a wasanninta uku, aka sallami Keshi, aka ɗauko Bajamushe Otto Pfister. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da aka isa Jamus, rikicin kuɗin alawus tsakanin 'yan wasa da hukumar ƙwallon ƙasar ya sa Pfister ya ajiye aiki ana saura kwanaki a fara, sannan ya dawo. Ranar 13 ga Yuni a Frankfurt, Kader ya jefa ƙwallo a ragar Koriya ta Kudu tun kafin hutun rabin lokaci. Bayan an dawo aka kori kyaftin Jean-Paul Abalo da jan kati, Koriya ta ci biyu. Suwizalan ta ƙara da biyu da nema, Faransa ma haka. Ƙwallon Kader ita kaɗai ce Togo ta taɓa ci a wannan gasa, kuma ba ta sake komawa ba.

Shiga cikin "mu" ranar nasara abu ne mai sauƙi, ko ɗan kallo ma yana yi. Ranar 23 ga Yuni, bayan wasan Faransa a Cologne, matasan unguwa da yawa sun koma cewa "sun ba da kunya", suna zagin hukuma da 'yan wasa. Hanyar komawa "su" a buɗe take ga dattijon, babu mai ganin laifinsa. Wani abokin cinikinsa ya tsokane shi a kasuwar shanu washegari, ya tambaye shi labarin shahunansa. Ya gyara hularsa ya ce, "An ci mu, Alhaji. Allah ya kai mu wata."