Bazarar da Muka Auna Ma'aunin Ruwa a Dosara

Mutumin Dosara ba baƙon kifi ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, tafkin da ya kwanta bayanta, mai faɗin kusan hekta 8,000, ya zama gonar masunta. Amma kiwon tarwada a tankin siminti bai shigo gidanmu ba sai a shekarun da ake ta maganar gyaran hanyoyin ban ruwa ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Kawuna ne ya fara, ni kuma nake taya shi zuba abinci da canjin ruwa.

Da ya je birni sayen 'ya'yan kifi, wani mai shago ya haɗa masa da kayan gwajin ruwa: 'yan kwalabe, da bututun gilashi, da kati mai launuka. Za ka ɗebi ruwan tanki zuwa layin mililita 5, ka ɗiga maganin, ka girgiza, ka jira minti biyar. In ya tsaya ruwan ɗorawa, babu amoniya. In ya koma kore, akwai matsala.

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kifin ya daina cin abinci. Sai ka ga tarwada ta tsaya a tsaye, baki sama, da safe kuma mu tsince matattu. Kullum Kawu zai gwada, kullum ruwan ɗorawa. Wani dattijon masunci da ya leƙo ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya sansana.

"Alhaji, ruwan ga ya ɓaci," in ji shi.

"Baba, ai kwalba ta ce lafiya lau."

"To, mi kwalba ta sani da kifi bai sani ba?"

Ana cikin haka ƙanena, wanda ke karatun kimiyya a Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ya zo gida. Ya saurari kowa, sannan ya ce, "Kawu, a yi haƙuri a bar tankin tukuna. Bari mu tambayi kwalbar abin da mun riga mun san amsarsa."

Ya aika aka sayo tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, wanda ba komai a cikinsa. Ya gwada, ruwan ɗorawa, daidai ke nan. Sai ya jiƙa ɗan takin NPK a wani kofi, ya ce ba yuriya ba, domin ita sai ta rikiɗe tukuna take zama amoniya. Wannan ruwan dole ya yi kore shar. Muka zuba ido har minti biyar suka wuce, launi ko gezau. Ma'aunin pH kuwa, wato na tsamin ruwa da ke cikin kayan, ya gwada shi da ruwan lemon tsami da na kanwa, launi ya gudu zuwa wannan ƙarshen kati, ya dawo wancan. Shi yana da rai, na amoniya ne ya mutu. Da muka juya gindin kwalbar, kwanan watan ƙarewar aikinta ya goge, ga shi kuma ba a san tsawon zamanta a shago ƙarƙashin rufin kwano ba.

Washegari aka aro wasu sababbin kayan daga wani malamin gona a Bakura. Ƙanena ya raba ruwa ɗaya gida biyu: tsohuwar kwalba ta ba da ruwan ɗorawa, sabuwa ta ba da kore mai duhu. Ya bayyana mana cewa amoniya daga jikin kifin take fita, da kuma ragowar abincin da ke ruɓewa a ƙasa, kuma dafinta yana ƙaruwa in ruwa ya yi zafi ko pH ya haura. Tarwada ta fi son pH tsakanin 6.5 da 8.5. Aka dakatar da abinci, aka riƙa canza ruwa kashi-kashi, mutuwa ta tsaya.

Daga baya na fahimci cewa masu kiwon murjani a akwatunan gilashi a Turai da Amurka, waɗanda ke haɗa ruwa mai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, haka suke yi: suna ajiye ruwan da aka san adadin sinadarinsa don gwada kayan gwajinsu. Mu ma da damina ta sauka muka ƙara wani darasi, domin jan ruwan da ke gangarowa yana rikita launi, sai an tace shi kuma a duba katin a hasken rana.

Ina kira ga masu kiwon kifi a Maradun, Bakura da Talata Mafara: ku duba kwanan wata kafin ku biya kuɗi, ku ajiye kwalaben a inuwa mai sanyi, ku gwada su da ruwan da kuka san halinsa. In kifi ya ƙi abinci kwalba kuma ta ce lafiya, ku canza ruwa tukuna, sannan ku binciki kwalbar.