Shawarar da Ban Fahimta Ba

Ni Bayarabiya ce, haifaffiyar Ketu a Legas. Hausar ciniki na fara ji a kasuwar Mile 12, inda mahaifiyata take sarin tumatir da tattasai a wurin 'yan Arewa. Sauran a aji na koya.

A watan Yunin 2024, da kwalara ta ɓarke a Legas, wasu ma'aikatan lafiya suka zo kasuwar don wayar da kan jama'a. Takardunsu duka na Turanci da Yarbanci ne, don haka aka roƙe ni na yi musu tafinta. Da aka gama, sai wani dattijo ɗan dako ya matso ya ce, "'Yata, ina da shawara." Na ce, "To Baba, faɗi shawararka, muna saurare." Ya yi murmushi, ya ja fatar idonsa ƙasa. Farin idon ya koma ruwan ɗorawa. Ashe ciwon shawara yake nufi! Kunya ta rufe ni. Ma'aikaciyar jinya ta ce wannan yana iya zama alamar ciwon hanta. Shi kuwa ya daɗe yana shan jiƙo. Na ce, "Baba, me ya hana ka zuwa asibiti?" Ya ce, "In na je, da wa zan yi magana?"

Wannan tambaya ta bi ni har ɗakin karatu. Na sami rubuce-rubuce kan fataucin Hausawa a Kudu, kamar littafin Abner Cohen na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan. Amma abin da na samu game da lafiyarsu bai taka kara ya karya ba. Binciken lafiya na ƙasa, kamar wanda Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018, yakan fitar da sakamakonsa jiha-jiha, saboda haka Bahaushen Agege ko Idi-Araba yakan ɓace cikin alƙaluman Legas. A Amurka, da aka lura cewa bayanai kan lafiyar jama'ar da asalinsu daga ƙasashe masu magana da Sifaniyanci suke sun yi ƙaranci, sai aka ware musu bincike na musamman daga 1982 zuwa 1984. Ai sai an san ciwo ake neman magani.

'Yan'uwana ɗalibai, akwai rabonmu a wannan aiki. Me ɗan dako yake nufi in ya ce "sanyi" ke damunsa, ko "basir", ko "daji"? Likita ba zai zauna ya tattara waɗannan kalmomi ba, mu ne za mu yi. Ni dai a kansu nake rubuta kundina na kammala digiri, kuma kowace Asabar ina Mile 12 da littafina. Na nemi Baban nan a layin 'yan tumatir, aka ce ya koma gida Arewa. Allah Ya ba shi lafiya, amin.