Sahu Huɗu na Bulo

A Darna Sabon Gari, cikin ƙaramar hukumar Illela, wani malamin sakandare ya shekara goma sha ɗaya yana tara kuɗin gina gida. Filinsa ƙafa 50 ne a 100, a daidai kwanar da wani lungu ke fita zuwa titi. Da lokacin aza harsashi ya yi, sai ya bi hanyar da yawancin maƙwabtansa ba su bi ba: ya sa aka zana masa taswirar gini, ya kai ta ofis don a sa hannu. Ta dawo da hatimi, da kuma sharaɗi guda da aka rubuta da jan biro. Katangar da ke fuskantar titi kada bulonta ya wuce mita ɗaya; abin da ya haura haka sai dai ƙarfe, wanda ido zai iya ratsawa.

Mita ɗaya sahu huɗu ne na bulo mai inci tara, idan aka haɗa da simintin da ke tsakani. Birkilansa ya auna tsawon a jikinsa, ya ga bai kai masa ƙirji ba. Mahaifiyar malamin kuwa, wadda dominta aka ware ɗakin da ya fi kowanne samun inuwa, ko awon ba ta tsaya kallo ba.

“Wanga dandali na, ba gida ba,” in ji ta.

“Inna, takarda ce ta zo da haka.”

“To takardar ta zo ta zauna ciki.”

Mai karatu na iya tambayar abin da ya kai shi neman izini tun farko, a garin da mutum kan kira magini da safe, kafin azahar an fara haƙa. Amsar tana cikin irin wurin da Illela take. Gari ne na bakin iyaka, tsakaninsa da Birnin Ƙonni tafiyar ’yan mintuna, kuma babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta gwamnatin tarayya ce, wadda ke da hurumin mita 45.72 daga tsakiyar kwalta ta kowane ɓangare. A 2024 aka ƙaddamar da aikin sabuwar babbar hanya mai tsawon kilomita 1,068 daga Illela zuwa Badagry. Duk inda aka ce hanya za ta bi, maganar rusau da diyya na biye da ita. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna bisa amana, diyyar da ta tanada kuma ta abin da mutum ya aza a kan fili ce, ba ta filin kansa ba. Dokar tsara birane ta 1992 ta ƙara da cewa gini sai da izini. Wanda ya zuba gumin shekara goma sha ɗaya a bango yana da hujjar son takardar da za ta tsaya masa ranar da za a zo da jan fenti.

Sharaɗin ma ba shirme ba ne, ko da yake an fi jin daɗin ɗaukarsa haka. Ranar Lahadi, da kasuwar Illela ke ci, titi kan cika da tireloli na shanu da hatsi, da babura, da amalanke. Doguwar katanga a kan kwana tana makantar da mai fitowa daga lungu; sai ya tura gaban babur ɗinsa cikin titi kafin ya ga abin da ke tafe. Yaron da ya fito da gudu kuwa direba ba zai gan shi ba sai ya riga ya shiga gabansa. Mai tsara gari yana kallon katanga daga waje, kuma daga wajen gaskiyarsa a fili take.

Sai dai ƙa’idar tana da asali, kuma asalin ba na nan ba ne. Gidan da take hasashe shi ne na unguwar Turawa, irin wadda dokar garuruwa ta 1917 ta keɓe, har da tazarar yadi 440 tsakaninta da mazaunin ’yan ƙasa: gini a tsakiyar fili, farfajiya ta kewaye shi, shingen furanni a gaba. A irin wannan gida rayuwa tana cikin ɗakuna, fili kuwa ado ne. Ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari sun kai shi inda ba a zato. A Jamus, taswirar unguwa kan ƙayyade har tsawon ɗan gajeren bangon da jinka ke hawa a kansa, don kada wani ya ɗaga shi ya mayar da ƙarƙashin rufi cikakken bene, gidansa ya yi wa na maƙwabta rinjaye. Mai gida a can yakan yi hasarar wurin ajiye kabad. Bahaushe kuwa, idan aka rage masa katanga, tsakar gida ce yake hasara, kuma a tsakar gida ake girki da wanki da daka, a nan ake shimfiɗa tabarma a kwana idan zafin bazara ya hana shiga ɗaki.

Kuskure ne kuma a ɗauka cewa kafin zuwan Turawa kowa yana gini yadda ya ga dama. Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Daular Sakkwato suka yi hukunci da shi, yana da babi mai faɗi kan gini, an kafa shi a kan hana cutarwa. An hana cin hanya, an hana sakin indararo a gidan wani, an hana buɗe tagar da ke leƙa iyalin maƙwabci. Malamai sun ruwaito yadda Sayyidina Umar ya yanke hukunci kan wani ɗakin bene a Masar: a ajiye gado a ƙarƙashin tagar, mutum ya hau ya tsaya, idan ya hango cikin gidan maƙwabci, a toshe ta. Ibn al-Rami, wani babban magini na Tunis a ƙarni na 14, ya tattara irin waɗannan shari’o’i a littafi guda. A nan gida, Shehu Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu kan raya mataccen fili da hurumin da ke kewaye da shi. Wato tsawon bango bai taɓa zama sha’anin mai gida shi kaɗai ba. Bambancin shi ne, tsohuwar ƙa’ida tana kare na ciki daga idon na waje, sabuwar kuma tana kare na waje daga abin da bai hango ba. A gabashin Sakkwato na yau, inda mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda ’yan bindiga, ba a buƙatar dogon bayani kan wadda zuciya ta fi karkata gare ta.

Abokan aikinsa sun ba shi shawarar da kowa ya sani: ya gina sahu huɗu, a zo a duba, bayan wata biyu ya ƙara shida. Ya kusa ɗauka. Abin da ya tsayar da shi lissafi ne, ba tsoron hukuma ba. Ginin da ya saɓa wa taswirarsa ya zubar da kariyar da aka sha wahalar nema.

Mafitar ta fito daga bakin wani tsohon magini, wanda ya fara sana’a da tubali da makuba kafin bulo ya zo. Ya zagaya filin, ya dubi takardar da aka karanta masa, ya ce, “Malam, ai ba su hana ka zaure ba.” Gidan gargajiya dama ba ya jingina sutura ga katangar waje kaɗai. Baƙo yana shiga zaure, daga nan ƙofar gida, sannan shigifa, kuma ba a jera ƙofofinsu a miƙe, don kada ido ya zarce. Aka bar gajeriyar katanga a bakin titi kamar yadda aka rubuta. Aka ja da baya ƙafa goma sha biyar, aka gina zaure da ɗakin baƙi, bayansu ya zama bangon da ke rufe cikin gida, aka karkatar da ƙofar shiga.

Abin bai zo kyauta ba. Ɗakin da aka yi niyyar samarin gidan su zauna ya fita daga taswira, kuɗin bulo ya ƙaru, sai da aka sake kai zanen don a gyara, damina kuma ta riske su ba a yi rufi ba. Har yanzu matarsa tana ganin tsakar gidan ta yi ƙunci, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Filin da ya rage a gaba an dasa masa dogon yaro guda biyu. Da la’asar tsofaffin lungun kan zauna a kan gajeriyar katangar, wadda ba a kai ga sa mata ƙarfen ba, suna kallon motocin da ke gangarowa daga Ƙonni. Inna ta tare bayan Babbar Salla. Ranar da ta iso, ta sa jikanta ya hau kan katangar ya miƙe tsaye, ta shige ciki, ta ɗaga murya tana tambayarsa ko yana hango ta.