Shaɗaranji a Kan Ƙaramar Kwamfuta: Darasi Daga Omdurman

A watan Mayu na 1997, na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya a wasan shaɗaranji, a birnin New York na Amurka. Na'urar tana iya auna matsayi kusan miliyan 200 a daƙiƙa guda. Shekara 12 bayan haka, a 2009, wata manhaja mai suna Pocket Fritz 4 da aka ɗora a kan wayar hannu ta lashe gasar Copa Mercosur a Buenos Aires, inda ta kara da ƙwararrun 'yan wasa, alhali abin da take aunawa a daƙiƙa bai kai matsayi 20,000 ba. A tsakanin shekarun nan, masu rubuta manhaja sun koya wa na'ura watsar da hanyoyin da ba su da amfani tun kafin ta ɓata lokaci a kansu. Da haka ƙarfin da a da sai babban kamfani ke iya mallaka ya sauko hannun talaka.

Saukowar tana da ma'ana ta musamman a Sudan. Tun daga 1997 har zuwa Oktoban 2017 ƙasar tana ƙarƙashin takunkumin tattalin arzikin Amurka. Sayen manhaja ta intanet ya kasance abu mai wuya, domin katin biyan kuɗi na ƙasashen waje ba ya aiki a can, wasu shafukan kuma a rufe suke ga duk wanda ya leƙo daga Khartum. Amma a 2007 kamfanin Asus ya fito da Eee PC, 'yar ƙaramar kwamfutar cinya mai fuska inci 7, wasu kamfanoni suka bi sahu da irinta masu araha. A 2008 kuma aka saki Stockfish, manhajar shaɗaranji ta kyauta wadda Tord Romstad da Marco Costalba da Joona Kiiski suka gina, kowa yana da izinin kwafarta ya ba wani. Ba ta buƙatar lasisi, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta.

Cikin waɗanda suka ci moriyar haɗuwar abubuwan nan biyu akwai wani saurayi Bahaushe, haifaffen Omdurman. Kakanninsa na cikin dubban mutanen ƙasar Hausa da suka biyo hanyar hajji da ƙafa suka yada zango a gaɓar Nilu, kamar yadda jama'ar Mai Wurno suka yi bayan yaƙin Burmi na 1903. A gida Hausa ake yi, a waje Larabci. Ya koyi shaɗaranji a wajen mai shayi, inda manya ke kafa allo bayan magariba, ya kuma kai matsayin da ba mai cin sa a unguwa. Nan ne matsalarsa ta fara, domin wanda ya fi kowa a unguwarsu ba shi da mai nuna masa kuskurensa. Littattafan wasan ba su samuwa da sauƙi, kuɗin mai koyarwa kuma ya fi ƙarfinsa.

Sai ya tsallaka gada zuwa Suƙ al-Arabi a Khartum, ya sayi ƙaramar kwamfuta ta hannu da kuɗin da ya tara a shagon ɗinkin kawunsa. Ƙwaƙwalwarta gigabait ɗaya ce, injin lissafinta irin Atom ne mai tafiyar hawainiya, batirinta kuma ya gaji. Wani ɗalibi ɗan Nijeriya da ke karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa ya zuba masa Stockfish a filashi, tare da Arena, manhajar kyauta da ke zana allon a fuskar kwamfuta domin a ga abin da injin ke lissafawa.

Na'ura irin wannan tana da sharuɗɗanta. Dole a zaɓi nau'in manhajar da ya dace da tsohon inji, a rage wurin da take ajiye lissafinta zuwa megabait 64 ko ƙasa, a kuma rufe duk wani abu da ke gudana a gefe. Manhajar shaɗaranji tana sa injin aiki iya ƙarfinsa ba hutawa, a garin da zafi kan wuce digiri 40 a watan Mayu, ga ƙurar habub da ke toshe kafofin iska. Saurayin yakan ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta. In an ɗauke wuta, abin da ya rage masa shi ne ɗan abin da batirin zai iya riƙewa.

Wannan ƙarancin ne ya tsara masa hanyar karatu. Tun da ba zai iya barin na'urar a kunne yini guda ba, sai ya riƙa zama da allon katako tukuna. Yakan sake jera wasan da ya buga jiya, ya nemi wurare uku ko huɗu da yake zaton a nan al'amari ya juya, ya rubuta a littafi abin da yake ganin ya kamata ya yi da kuma dalilinsa. Sai bayan ya gama yake kunna kwamfutar ya tambaye ta waɗannan wurare kaɗai. Da yake tana da nawa, amsarta ba ta faɗowa gaba ɗaya. Yana kallo za ta fifita wata tafiya, ta zurfafa, ta sauya ra'ayi, lambar da ke nuna wanda ke da rinjaye ta hau ko ta sauka. Cikin minti biyu ko uku na jira, shi ma yana lissafinsa, yana ƙoƙarin riga ta gano dalilin sauyin. Mai babbar kwamfuta yakan sami amsa kafin ya gama tambaya, don haka sau da yawa yakan haddace tafiyar ba tare da ya fahimce ta ba.

Kawun nasa gwanin dara ne, irin ta gida mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa. Da farko bai ga hikimar a zauna ana shawara da ƙarfe ba. Ya gargaɗi ɗan 'yar'uwar tasa cewa ɗan dara da ya saba jiran raɗa daga 'yan kallo, ranar da aka bar shi shi kaɗai dara za ta ci gida. Saurayin bai yi musu ba, ya dai miƙa wa kawun littafin ya ga cewa rubutun hannunsa ne ke gaba a kowane shafi, hukuncin na'ura yana biye. Daga ranar, in kawun ya ga an kunna kwamfuta, tambayarsa ɗaya ce: an cika shafin tukuna?

Littafin nan abin sha'awa ne ga ɗalibin Hausa, domin da Hausa aka rubuta shi, kuma sai da marubucinsa ya nemo wa kowane ɗan wasa suna. Larabcin da ya tashi da shi ya ba shi malik da wazir da fil da husan, ya mayar da su sarki da waziri da giwa da doki ba tare da wahala ba. Ƙananan na gaba ya kira su dakaru. Wanda ke tsaye a kusurwa kuwa ya bar masa sunan da ake kiran sa a can, wato ɗabiya, domin duk ɗan Omdurman ya san ɗabiyoyin ƙasa da aka gina a bakin Nilu zamanin Halifa Abdullahi, kafin yaƙin Karari na 1898. Ya lura cewa Turawa sun mai da waziri sarauniya, giwa kuma limamin coci, ya ga ba shi da dalilin bin su, tun da fadar Hausa ta san waziri sarai. Ga dabarun wasa kuma ya ɗauko kalmomi daga dara da farauta: ci, tarko, ƙawanya, toshe hanya. Inda doki ya kai wa 'ya'ya biyu hari a lokaci guda, ya rubuta cewa ya yi musu gwafa.

Cikin 'yan shekaru ya fara zuwa gasanni a Khartum yana dawowa da sakamakon da ba ya jin kunyarsa, yaran unguwa kuma suka fara taruwa a ƙofar shagon. Ƙa'idar da ya kafa musu ita ce wadda larura ta kafa masa: ba mai taɓa kwamfuta sai ya rubuta nasa ra'ayin.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya watsa miliyoyin mazauna Khartum da Omdurman da Bahri, shi ma ya bar gida tare da iyalinsa. Kwamfutar ta riga ta mutu tun kafin lokacin. Amma wasan shaɗaranji guda, in an adana shi a rubuce, bai fi 'yan layuka ba, saboda haka wasanninsa na shekara goma sun shige cikin filashi ɗaya da ya sa a aljihu tare da littafin. A garin da suka sauka ya sami yara masu wayoyin da kowace ta fi tsohuwar na'urarsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Abu na farko da ya nema daga gare su shi ne su kife wayoyin, kowa ya kawo takarda da alƙalami.