Me Ya Sa Taya Ɗaya Kaɗai Ke Juyawa A Cikin Laka?

Duk wanda ya taɓa tura mota da damina a hanyoyin ƙauyukan Bukkuyum ya san wannan abin haushi: direba na ba da wuta, taya ɗaya na juyawa tana watsa wa mutane laka, ɗayar kuwa ta tsaya cik. Ni a hutun makaranta na gane dalili, lokacin da nake bin kawuna a a-kori-kurarsa mai ɗaukar buhunan gero da wake tsakanin Anka, Daki Takwas da Gummi.

Inji yana da sauri, amma ƙarfin murɗawarsa bai isa ya tayar da mota mai kaya kai tsaye ba. Yana iya juyawa sau 2,500 a minti guda, alhali tayar a-kori-kura mai gudun kilomita 60 a awa ba ta wuce juyi 500. Kulochi ne ke haɗa inji da giyabos ko ya raba su. Giyabos kuma shi ke musanya sauri da ƙarfi: a giya ta ɗaya, inji kan juya wajen sau 15 kafin taya ta juya sau ɗaya. Daga nan farfela, dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota, ta kai juyin baya.

A bayan ne abin da ya fi burge ni yake. Ku leƙa tsakanin tayoyin baya, za ku ga wani dunƙulen ƙarfe kamar kabewa, wanda makanikai ke kira difarenshal. Idan mota za ta sha kwana, tayar waje tana cin hanya mai tsawo fiye da ta ciki, don haka dole ta fi ta sauri. Ƙananan haƙoran da ke cikin kabewar nan su ke ba kowace taya damar juyawa da saurinta, amma ƙarfin da suke raba musu daidai yake. To, a laka wannan adalcin ne ke kayar da mu. Tayar da ke santsi ƙarfi kaɗan take buƙata ta juya, sai wadda ke kan busasshiyar ƙasa ita ma ta sami wannan kaɗan ɗin, wanda ba zai motsa buhu ashirin ba.

Na taɓa ce wa kawu, "Kawu, a ƙara wuta mana!" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, rami kawai za mu ƙara haƙawa." Ya sa muka cusa duwatsu da rassan itace a ƙarƙashin tayar da ke santsi, ya ɗan ja birkin hannu don ta sami abin da zai riƙe ta, ya sa giya ta biyu ya saki kulochi a hankali. Motar ta fita.

Idan aka kira ku turi, kada ku tsaya daidai bayan tayar da ke juyawa. Dutsen da kuka cusa mata za ta iya harbo shi da ƙarfin da zai fasa ƙauri.