Bazara a turken gidanmu na Ɗan Agundi

Duk wanda ya bi titin BUK daga Sabuwar Ƙofa zuwa Ƙofar Na'isa, sai ya wuce ta gaban Ƙofar Ɗan Agundi. Abin da zai gani shi ne motoci da 'yan adaidaita sahu da ragowar badala. Ba zai zaci akwai turken awaki a bayan wannan hayaniya ba. To, akwai. Lungu uku da shiga gari, a bayan ɗakin Kaka, nan namu yake: awaki huɗu, tunkiya ɗaya da akurkin kaji.

A littattafan Turanci an koya mana wani lokaci mai ni'ima da furanni, wanda dabbobi ke haihuwa, malamai kuma su fassara mana shi da bazara. Mukan yi dariya. Bazararmu a Kano zafi ce tsagwaronta, a watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40. Amma ta fuskar haihuwa, bana littafin bai yi ƙarya ba.

Wata biyar muka yi muna lissafi, domin haka cikin akuya yake ɗauka. Ran nan bayan sallar asuba sai muka ji Kaka tana kira: "Ku fito, Kyalla ta sauka!" Tagwaye ne, mace da namiji, jajaye kamar uwarsu. Kyalla jar akuya ce, irin wadda aka sani da sunan Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Macen ta miƙe nan da nan ta kama nono. Namijin kuwa ya kasa. Kaka ta ce a riƙe uwar, ta matsa masa dakashi a baki, wato nonon farko mai kauri, wanda ke kare jariri daga cututtuka. Muna tsaye cirko-cirko har ya yi atishawa ya ɗaga kai.

Kada ku ɗauka tausayi ne kaɗai ya tsayar da mu. Tun kafin a haife shi Baba ya riga ya ce idan aka samu namiji, shi ne kuɗin jarrabawar NECO ta ƙanwarmu a baɗi. Ita ce ma ta fi kowa zarya da kwanon ruwa.

Wahalar bazara ita ce abinci. Harawar da aka ajiye tun kaka ta kusa ƙarewa, dusa ta yi tsada, ciyawa kuwa babu ko ƙwalli. Masu saki awakinsu su yi kiwo a bola suna ganin sun huta. Mu ma mun taɓa yin haka. Bara wata akuyarmu ta yi ta ramewa alhali cikinta na kumbura, da aka yanka sai ga dunƙulen leda cike da tumbinta. Tun daga ranar babu wadda ta ƙara leƙa ƙofar gida.

Abin da ya cece mu bana gawo ne. Gonarmu tana wajen Panshekara, mukan bi ta Sharaɗa mu je. Akwai gawo biyu a cikinta, bishiyar da ke yin ganye da rani ta zubar da damina. Duk Asabar mukan kai takin turke a buhuna, mu dawo da 'ya'yan gawo. Tsohuwar ciniki ce tsakanin birni da gona, a da jakuna ke yin ta, yanzu a-kori-kura.

Ruwan farko ya sauka cikin dare a ƙarshen Mayu. Da safe ƙanshin ƙasa ya cika gidan, tagwayen da ba su taɓa ganin laka ba suna ta tsalle suna zamewa. Muka so mu yanko musu sabuwar ciyawa da zarar ta tsiro, Kaka ta hana, ta ce tana sa zawo, sai dai a haɗa da harawa kaɗan-kaɗan. Ta kuma sa wa kazarta ƙwan zabi goma. Na kaza kwana 21 yake yi, na zabi sai wajen 28. Yau kwana 19, ƙanwarmu tana zana kwanakin da gawayi a jikin bango.